Doka da jama'a: Kama da noter ba noter ba ne

A unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ba sabon abu ba ne a ga mutum ya zo wurin cinikin fili ko rabon gado riƙe da takardar da aka aiko daga Amurka. Mai filin yana Niyok ko Girinsboro, ya tafi bida shekara da shekaru bai leƙo gida ba. Wanda ya zo kuwa ya ce shi ƙanensa ne, ga kuma takardar wakilci da turancin Ingilishi, an rattaba mata hannu, an buga hatimi a ƙasa. Da ganin hatimin sai hankalin kowa ya kwanta. Dillali ya ce ai noter ya sa hannu, mai saye ya ƙirga kuɗi, shaidu su shafa fatiha a watse. Idan Allah ya tsare, shi ke nan. Idan kuwa ba a yi dace ba, ranar da mai filin ya sauka ya tarar da ginin wani a kan gumin da ya yi shekaru yana tarawa, ranar ce zumunci zai lalace, a shiga jelen kotu, mai saye ya rasa kuɗinsa ya rasa gida.

Tushen wannan asara ruɗani ne a kan suna guda. Ma'aikacin da ke buga hatimi a Amurka, wanda ake kira notari, sunansa ya yi kama da na noter da aka sani a Nijar, amma aikinsu da ikonsu da nauyin sa hannunsu sun sha bamban ƙwarai. Masu iya magana sun ce kama da wane ba wane ba ne. Kuma abin daɗi shi ne, hatimin notari abu ne da ake iya bincikawa tun daga nesa, kafin ko dala ta fita daga aljihu.

Noter a nan, notari a can

Noter na Nijar gado ne na tsarin shari'ar Faransa, wanda dokar ranar 16 ga watan Maris 1803 ta shimfiɗa. A ƙasar nan dokar 1998 ta tsara matsayin masu wannan aiki, aka kuma sabunta ta a 2018. Noter masanin doka ne da ya yi karatu mai zurfi, hukuma ce ke naɗa shi, yana ƙarƙashin kulawar ma'aikatar shari'a, suna kuma da ƙungiyarsu ta ƙasa. Shi ke rubuta yarjejeniya da kansa, ya bayyana wa ɓangarorin abin da ke cikinta, ya ajiye asalinta a ofishinsa. Abin da ya shaida cewa a gabansa aka yi, kotu na ɗaukarsa gaskiya har sai an bi hanya ta musamman an tabbatar da jabu ne. A ƙasashen OHADA, waɗanda Nijar ke cikinsu, takardar noter mai ɗauke da umurnin zartarwa ana iya karɓar bashi da ita ba tare da an jira sabon hukunci ba.

Notari na Amurka ba haka yake ba. A mafi yawan jahohi ba a neman ya zama lauya, ba a ma neman digiri. Yana iya zama akawun banki, ko ma'aikacin kamfanin inshora, ko mai shagon aika saƙonni. Yawansu ya wuce miliyan 4. Aikinsa guda ne: ya tabbatar da cewa wanda ya bayyana a gabansa shi ne mai sunan da ke cikin takarda, kuma da son ransa ya sa hannu, wani lokaci ya rantsar da shi. Ba ya shaidar cewa abin da aka rubuta gaskiya ne, ba ya binciken ko filin na mai sa hannu ne, ba shi da izinin ba da shawarar doka in ba lauya ba ne. Tun daga 2015 jahar Kaliforniya ta wajabta a rubuta wannan gargaɗi a saman shaidar notari, cewa ainihin mutum kawai aka tantance, ban da gaskiya ko ingancin takardar. A taƙaice, aikinsa ya fi kama da legalize ɗin da ake yi wa sa hannu a ma'aikatar magajin gari ko a kwamisariya.

Kuɗin aikin ma ya isa ya nuna matsayinsa. A jahar Niyok doka ta ƙayyade dalar Amurka 2 a kan kowane sa hannu da aka shaida ido da ido. A Fulorida dala 10 ne, a Kaliforniya kuwa an kai shi dala 15 a 2017.

Luwiziyana ta fita daban. Ita tsohuwar mallakar Faransa ce da aka sayar wa Amurka a 1803, ta kuma riƙe wani abu na tsohon tsari: notari ɗinta yana da ikon rubuta wasu takardun doka, jarrabawarsa na da wuya, izininsa kuma na tsawon rai ne. Sai dai ba daga can mafi yawan takardun ke fitowa ba.

Wannan ruɗani na suna bai tsaya ga ƴan Afirka ba. Baƙi daga ƙasashe masu magana da Sifaniyanci, inda notariyo babban lauya ne, sun sha faɗawa hannun masu hatimi da suka karɓi kuɗinsu da sunan gyara musu takardun zama. Shi ya sa jahohi irin su Kaliforniya da Tekzas suka hana notari fassara sunan muƙaminsa zuwa Sifaniyanci a tallarsa. Ɗan Nijar da ya saba da noter a gida yana cikin irin wannan haɗari idan ya sauka can.

Kowace jaha da dokarta

Gwamnatin tarayya da ke Washintan ba ita ke naɗa notari ba. Jahohin Amurka 50 ba kamar jahohin Nijar suke ba, waɗanda doka guda daga Yamai ke aiki a cikinsu baki ɗaya. Kowace tana da majalisarta da dokokinta, kuma ita ke ba notari takardar izini, galibi ta ofishin sakataren jaha. Izinin yana da wa'adi: shekara 4 a Niyok, Kaliforniya, Fulorida da Tekzas, shekara 5 a Karolina ta Arewa, inda birnin Girinsboro yake.

Sharuɗɗan ma ba ɗaya ba ne. Kaliforniya na neman horon awa 6, da jarrabawa, da ɗaukar zanen yatsu don binciken tarihin mutum, da lamunin dala 15,000 wanda za a biya wanda notari ya cutar. Dole ya riƙe littafin rajista, kuma idan takardar ta shafi mallakar gida ko wakilci, mai sa hannu zai dangwala babban yatsansa a littafin. Tekzas na neman lamunin dala 10,000, Fulorida dala 7,500. Karolina ta Arewa na neman horo da jarrabawa da rantsuwa a ofishin rajistar gunduma. Niyok kuwa ba ta ma wajabta hatimi ba: ya isa notari ya rubuta ko ya buga sunansa, da gundumar da ya yi rajista, da ranar ƙarewar izininsa a ƙarƙashin sa hannunsa, kuma sai a 2023 ta tilasta wa kowa ajiye rajista. Ke nan rashin zagayayyen hatimi bai nuna jabu ba, kyawun hatimi kuma bai nuna gaskiya ba.

Haka nan ba kowane aiki kowace jaha ta yarda notari ya yi ba. A Niyok da Karolina ta Arewa ba shi da ikon shaida cewa kwafi daidai yake da asali. Takardar haihuwa, ta aure ko ta mutuwa kuwa, ofishin da ya ba da ita ne ke fitar da kwafin da ake amincewa da shi. Wannan ya shafi magada kai tsaye: kwafin takardar mutuwa da aka buga wa hatimin notari kawai abin dubawa ne sau biyu.

Galibi ikon notari yana ƙarewa a kan iyakar jaharsa. Tarihi ya ajiye misali mai ban sha'awa. Da dare ranar 3 ga watan Agusta 1923, bayan rasuwar shugaba Harding, mahaifin Calvin Coolidge, wanda notari ne a jahar Bamon, shi ya rantsar da ɗansa shugaban ƙasa a gidan gona, da hasken fitila. Da aka koma Washintan sai aka yi shakkar ko ma'aikacin jaha na da hurumin rantsar da shugaban tarayya, aka sake rantsuwar a gaban alƙali. Idan har an yi tambaya a kan rantsuwar shugaban ƙasa, babu laifi a yi ta a kan takardar fili. Notari na Niyok da ya zo hutu Yamai da hatiminsa cikin jaka ba shi da ikon buga shi a nan.

Ka'ida mafi girma ita ce bayyana a gaban notari. Ba a shaida sa hannu ta wayar tarho, ko don wani ya kawo takarda ya ce yayansa ne ya sa. Abin da ya sauya shi ne, tun daga 2012, da jahar Bajiniya ta fara, an halatta bayyana ta hoton bidiyo a intanet bisa sharuɗɗa, yau kuma jahohi sama da 40 sun bi sahu. A nan ma notari yana zaune ne cikin jaharsa, yana da izini na musamman, ana kuma ajiye faifan ganawar.

Darasin gidan Graceland

Wanda ke ganin jabun hatimi sai a kan talaka, ya dubi abin da ya faru a birnin Memfis na jahar Tenesi. A watan Mayu 2024 aka buga sanarwa cewa za a yi gwanjon Graceland, gidan shahararren mawaƙin nan Elvis Presley, wanda dubban ɗaruruwan mutane ke ziyarta kowace shekara. Wani kamfani ya yi iƙirarin cewa ɗiyar mawaƙin, Lisa Marie Presley, wadda ta rasu a watan Janairu 2023, ta ci bashin dala miliyan 3 da dubu 800, ta jinginar da gidan, ba ta biya ba. An nuna takardu masu ɗauke da sa hannunta da shaidar wata notari ta jahar Fulorida.

Ɗiyar marigayiyar, Riley Keough, ta kai ƙara. Lauyoyinta suka yi abu mai sauƙi: suka nemi notarin da sunanta ke kan takardun, ita kuwa ta yi rantsuwa a rubuce cewa ba ta taɓa ganin Lisa Marie ba, balle ta shaida sa hannunta. Suka kuma lura da cewa shaidar, wadda aka ce an yi ta a 2018, ta ambaci bayyana ta intanet, alhali Fulorida ba ta fara aiki da wannan doka ba sai a 2020. Ranar 22 ga watan Mayu, ana gobe gwanjo, alƙali ya dakatar da shi. Da asiri ya fara tonuwa, mai shirya makircin ta aika wasiƙu tana ɗora laifin a kan wani ɓarawon suna wai a Najeriya. Bincike ya nuna wata mata ce ƴar jahar Misuri, kamfanin ma babu shi. An kama ta a watan Agusta 2024, ta amsa laifi a Fabrairu 2025, aka yanke mata ɗaurin shekara 4 da wata 9 a watan Satumba 2025.

Abin lura a nan shi ne notarin ta gaske ce, sunanta yana cikin rajistar jaha. Sunanta aka sata. Saboda haka ganin suna a rajista mataki ne na farko, ba na ƙarshe ba.

Yadda ake bincike

Wanda takarda irin wannan ta zo hannunsa, ya fara da karanta shaidar notari a tsanake, ko ya nemi mai jin Ingilishi da ba shi da hannu a cinikin ya karanta masa. A samanta akan rubuta jaha da gundumar da aka sa hannu. A ƙasa akwai ranar da aka yi aikin, da sunan notari, da ranar ƙarewar izininsa, a jahohi da dama har da lambar izinin. Jahar da ke sama da ta hatimi su zama ɗaya. Ranar aikin ta faɗa cikin wa'adin izini. Idan izinin ya ƙare bayan an sa hannu, wannan bai ɓata takarda ba. Abin da ke ɓata ta shi ne a sa hannu bayan wa'adi ya wuce. Gurbin da aka bari fayau, ko kwanan wata da aka goge aka sake, ko notari mai suna ɗaya da wanda zai ci moriyar takardar, duk alamu ne na a dakata.

Mataki na biyu shi ne rajistar jaha. Niyok, Kaliforniya, Fulorida, Tekzas da Karolina ta Arewa duk sun buɗe sunayen notarinsu a intanet, kyauta, ana iya dubawa da wayar salula daga Birnin Ƙwanni ko Tasawa. A shiga shafin gwamnatin jahar kai tsaye, ba adireshin da mai kawo takarda ya bayar ba. A gwada suna, da lamba, da ranar ƙarewa. Idan ba a sami sunan ba, a rubuta wa ofishin a tambaya, domin wasu jerin ba sa nuna tsofaffin izini.

Mataki na uku shi ne wanda ya ceci Graceland: a tuntuɓi notarin da kansa, a tambaye shi ko a rana kaza wane ya bayyana a gabansa. Inda doka ta wajabta littafin rajista, amsar tana rubuce. A Kaliforniya kowa na da damar neman kwafin layin da ya shafi aikin, muddin ya rubuta sunayen masu sa hannu, da irin takardar, da wata da shekarar da aka yi ta.

Mataki na huɗu shi ne tabbatarwar hukuma, irin apostil. Ranar 5 ga watan Oktoba 1961 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Lahay na ƙasar Holan, wadda ta sauƙaƙa amincewa da takardun hukuma tsakanin ƙasashe. Ta fara aiki a Amurka a 1981, amma Nijar ba ta cikinta. A ƙarƙashinta, ofishin sakataren jahar da ta naɗa notari yana liƙa wa takarda shaida mai lamba, wadda ke tabbatar da cewa sa hannun da hatimin na notari mai izini ne. A Niyok sai magatakardan gundumar notarin ya fara tabbatarwa kafin a kai ofishin jaha. Yarjejeniyar ta tilasta wa ofishin da ya ba da apostil ya ajiye rajista, ya kuma amsa wa duk mai buƙata ko lambar da ke hannunsa ta dace da abin da ke rubuce. Takardar da za ta tafi ƙasar da ba ta cikin yarjejeniyar, kamar Nijar da Najeriya, hanyarta ta fi tsawo: daga jaha zuwa ma'aikatar harkokin waje a Washintan, sannan ofishin jakadancin ƙasar. Wannan ya shafi iyalan da dukiyarsu ke tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Damagaram da Kano.

Sai dai apostil ma yana da iyaka. Yana shaidar mai hatimi, ba ya shaidar abin da ke cikin takarda, ba ya kuma mai da notari noter. A 2016 babbar kotun Faransa ta ƙi ɗaukar wata takardar wakilci da aka sa wa hannu gaban notari na Ostareliya, duk da apostil ɗin da ke kanta, a matsayin takardar noter wajen jinginar da gida, domin notarin sa hannu kawai ya shaida. Hukuncin Faransa ba ya ɗaure kotun Nijar, amma da yake tsarin daga tushe ɗaya ya fito, mai hankali zai ɗauki darasi.

Abin da ya rage ga kowa

Ga mazaunin Amurka da ke son wakilta ɗan'uwa, hanya mafi aminci ita ce a fara daga gida. A je wurin noter da zai rubuta cinikin, a tambaye shi irin wakilcin da zai karɓa, shi ya tsara rubutun ya aika, ya faɗi ko shaidar notari ta wadatar ko kuwa sai an bi ta ofishin jakadancin Nijar a Washintan, da kuma wanda zai fassara takardar. Wakilcin ya ambaci fili guda, da lambarsa, da unguwarsa, da abin da aka ba wakili izinin yi, da ranar da izinin zai ƙare. Wakilci mai faɗin baki, wanda ya ce wane ya yi duk abin da ya ga dama da dukiyar wane, wuƙa ce aka miƙa wa mutum da ƙotarta, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne. Kada kuma a sa hannu a gida sannan a aika yaro ya kai wa aboki mai hatimi. Wannan alfarma ita ke rushe takarda ranar da aka tsaya gaban alƙali, ta jawo wa notarin ƙwace izini ko ma tuhuma.

Ga mai saye a nan gida, yau babu uzurin nisa. Wayar da ake gaisuwar sallah da ita ta isa a kira mai fili a gan shi ido da ido, a gaban dattawan da suka san shi tun yana yaro, a tambaye shi ko shi ya ba da wakilci, a kan wane fili, a kan nawa. Lambar wayar a same ta daga wani ɗan'uwa dabam, ba daga wakilin ba. Wakili na gaskiya ba ya jin haushin tambaya, domin ita ke wanke shi gobe. Wanda ya ce a yi sauri akwai wani mai saye yana jira, ya ce bincike rashin yarda ne, ya riga ya ba da amsa.

Bincike na ɗaukar kwanaki, tabbatarwar hukuma na iya ɗaukar makonni, noter kuma yana da ladan aikinsa. Amma duk wannan bai kai kuɗin buhunan siminti na tushen gini ba, balle shekarun da shari'ar fili ke ci, da gabar da take bar wa ƴaƴa da jikoki. Matambayi ba ya ɓata. A duba suna, a duba rana, a kira notari, a kira mai fili, sannan a ƙirga kuɗi.